Gurbin da Ba Suna a Bishiyar Kaka

Sabon Birni, Talata

Yaya Dalhatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Anti Nuriyya da yara. Yaya jikin Kaka? Ka ce mata ƙawarta ta Sabon Birni na gaishe ta, kuma ban manta da zanen da ta yi min alkawari ba.

Tun da aka yanke layin waya mun koma zamanin takarda, sai ka yi haƙuri da rubutuna. Lawwali direba ne zai kawo maka wannan, ka ba shi amsa in zai juyo, don maganar ba ta jira.

Wata mata ta zo gidan nan ran Lahadi, da yara biyu da ƙunshin kaya a ka. Sunanta Ikilima. Daga wani ƙauye bayan Burkusuma ta taho, da ƙafa. An kashe mijinta a gona farkon damina, ƙauyen nasu ya watse. Ta fara zuwa Unguwar Lalle ta tarar da gidanmu a rufe, ciyawa har bakin rumbu, wani tsoho ya gaya mata mun dawo cikin gari.

Ga abin da ta ce. Wai mahaifinta ɗan Kaka ne. A Nijar ya tashi, a can ya rasu, kuma kafin ya rasu ya gaya mata in duniya ta yi mata zafi ta nemi Kadijatu ta Unguwar Lalle, ita ta haife shi. Ta faɗi sunansa, amma Baffa Labbo ya hana ni sa shi a takarda, wai kada ya yaɗu gobe wata ma ta zo da shi.

Ka san Baffa. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, “Ni aɗ ɗan hwarin tsohuwa. In da wani gabana, ni za a ɓoye ma?” Ban ga laifinsa sosai ba. Tun da maƙwabcinmu ya sauki wani da ya ce shi ɗan'uwa ne, ashe ɗan leƙen asirin ɓarayin daji ne, mai unguwa ya kafa doka: duk baƙon da ya shigo sai wani magidanci ya tsaya masa gabansa da gaban 'yan sa-kai, in ba haka ba ya bar gari. An ba ta wa'adi zuwa ranar kasuwar makon gobe. Yanzu tana kwana a wani aji a firamare, cikin masu gudun hijira.

Sai Baffa ya tuna da bishiyar dangin nan da ka nuna mana da Sallah, ya ce in ɗauko “injin Dalhatu”. Na ɗauko kwamfutar da ka bar min don rahoton asibiti, na ga fayil ɗin da ka sa wa suna Zuri'a, na danna shi sau biyu ya buɗe. Ƙarƙashin Kaka mutum uku ne: Baffa Labbo, Babanmu Usmanu, Allah ya jiƙansa, sai Goggo Maryamu. Baffa ya sa tabarau ya bi su da yatsa, ya ce to, magana ta ƙare.

Ni dai ba ta ƙare min ba, Yaya. Na kai wa Ikilima kunu da safe, na ga yadda take zama, ƙafa ɗaya a miƙe ɗaya a naɗe, hannu a ƙugu. Haka Kaka ke zama. Kai ne ka zauna da Kaka kana tambayarta duk wannan, ko ta taɓa gaya maka wani abu?

Ka gaida kowa da kowa. Allah ya tsare mu.

Ƙanwarka,
Sa'adiya

Isa, Laraba

Sa'adiya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode Allah da kuna lafiya. Nuriyya na gaishe ki. Jikin Kaka da sauƙi, ƙafar ce dai har yanzu. Ta ce zanen na nan, ki zo ki karɓa in kina da ƙarfin hali.

Kafin komai, ki rufe kwamfutar nan, kada ki sake taɓa Zuri'a sai kin karanta wannan har ƙarshe. Tun da na karanta “na danna shi sau biyu” na kasa cin abinci.

Manhajar bishiyar dangi guda biyu ce a cikin kwamfutar, tsohuwa da sabuwa. Tsohuwar tambarinta kore ne, ni Koriya nake ce mata. Sabuwar shuɗi ne nata, ita ce Shuɗiya. Da Koriya na yi duk aikin. Shuɗiya na sa ta ne daga baya don ta fi fitar da bishiyar da kyau a takarda, amma ranar da na sa ta sai ta mayar da kanta mai buɗe duk wani fayil irin wannan. Wato in aka danna sau biyu, ita ke fitowa. Ni na san hanyata, kullum Koriya nake fara buɗewa, sannan in kira fayil ɗin daga cikinta.

Dalilin da ya sa ban rabu da tsohuwar ba shi ne Shuɗiya ba ta karɓar mutum marar suna. In ta tarar da shi sai ta zubar. Kuma akwai mutum ɗaya marar suna a bishiyarmu.

Lokacin da nake hutun makaranta a Unguwar Lalle, ina zaune da Kaka gindin dogon yaro, na ce ta lissafa min 'ya'yanta. Kafin ta fara sai ta ce, “Bar wuri guda nan bisa.” Na ce na wa? Ta ce, “Kai dai bar wuri.” Na ce namiji ne? Ta ɗaga kai. Na ce yaya sunansa, yana raye? Sai ta miƙe wai awaki sun shiga rumbu, alhali awakin na ɗaure ina kallonsu. Na bar gurbin babu suna, na jingina shi da aurenta na farko, wanda ta yi a wajen Tibiri kafin ta auri Kaka Alhassan. Na ɗauka jariri ne ya koma, shi ya sa ban tayar da zancen ba. Da Sallah kuwa daga ɓangaren Kaka Alhassan na nuna muku bishiyar, ta nan gurbin ba ya fitowa.

Yanzu ga abin da za ki yi. Ki ɗora kibiyar a kan Zuri'a, ki danna ɓangaren dama, ba hagu ba. Jerin rubutu zai sauko, ki zaɓi layin da ke nufin a buɗe da wata manhaja, ki ɗauki mai koren tambari. In ta buɗe ki nemi Kaka, ki duba saman Baffa.

Abu ɗaya ke damuna. Da Shuɗiya ta buɗe, ta yi miki wata tambaya da Turanci, mai amsa biyu? Me kika danna? Don Allah ki tuna da kyau.

Ki gaida Baffa da Goggo Maryamu. Ki ci gaba da kai wa baiwar Allahn nan abinci, ko ma wace ce ita.

Yayanki,
Dalhatu

Sabon Birni, Juma'a

Yaya Dalhatu,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Kaka da mutanen gida.

E, ta yi tambaya. E kuma na danna. Baffa na tsaye a kaina yana huci, cajin kwamfutar saura kaɗan, abu ya fito yana cewa zai sabunta fayil, ni kuwa a asibiti kullum ce mana ake yi mu yarda da sabuntawa. Me kake so in danna? Kai da ka ajiye abu biyu masu kama ɗaya a wuri ɗaya, ka san ɗaya na zubar da mutane, ka miƙo min ba ko gargaɗi. “Ni na san hanyata.” To ai ga shi hanyar taka ba ta biyo Sabon Birni ba.

Na yi yadda ka ce. Na kai kwamfutar wurin mai caji da sola, na jira ta ɗan sha, na danna dama, na zaɓi Koriyar taka. Sai ta ce wannan fayil ɗin na wata sabuwa ce, ita ba ta san shi ba. Na sake, haka. Na koma Shuɗiya na bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, har mijin Kaka na farko na gani, amma ƙarƙashinsa fayau, ba kowa. Wallahi zama na yi a shagon mai caji ina hawaye, mutane na ɗauka wani aka sace mana.

Na gaya wa Baffa abin da ka rubuto. Ya ce, “To ina wurin da anka bari? Gwada mani.” Na ce ya ɓace. Ya ce, “Injin yac ce babu, Dalhatu yac ce akwai amma ya ɓace, ni kuma in tahi gaban mai unguwa in aza wuyana bisa abin da ya ɓace?” Ya ce ya san Kaka ta taɓa aure can wajen Faransa, haka yake kiran Nijar har gobe, amma bai taɓa jin an ce ta haihu ba.

Jiya 'yan sa-kai sun je firamare sun kira Ikilima, sun yi ta juya ta da tambaya. Me ya sa Hausarta ke da kalmomin Faransanci, wa ya nuna mata hanya, ya aka yi ta wuce daji da yara ba a taɓa ta ba. Wannan ta ƙarshen ita ta fi ba ni tsoro, don ka san abin da suke nufi. Matan da ke aji ɗaya da ita sun fara janye tabarmarsu daga kusa da tata. Da na je ta ce min, “In ba a so na, ni koma inda nih hito, ko ba kowa can.” Yaya, hanyar nan ba a bin ta sau biyu a tsira.

Ƙaramin ɗanta na zawo, na kai masa gishiri da sukari daga asibiti. Ba ta roƙe ni komai ba. Tambaya ɗaya ta yi min, wai tsohuwar doguwa ce? Babanta ya ce bai taɓa ganin fuskarta ba da wayonsa.

Ba ka da wani Zuri'ar a wani wuri? Kai da ba ka zubar da ko tsohon batir.

Ina jiran Lawwali a tasha.

Ƙanwarka,
Sa'adiya

Isa, Asabar

Sa'adiya,

Wa alaikumus salam. Na ji faɗan, na karɓa. Ki share hawayenki, ba ki kashe kowa ba.

Akwai. Na juye ɗakin nan kaf, Nuriyya na tsaye tana salati, na samo shi cikin aljihun tsohuwar jakar makaranta: ɗan filashin da na kwafi Zuri'a a ciki tun kafin in sa Shuɗiya. Shi kaɗai ne, babu wani bayan shi, kuma ba ni da kwamfuta a nan da za ni gwada shi. Na naɗe shi a leda, Lawwali ya ce cikin naɗin hularsa zai sa shi saboda shingayen hanya.

Ki bi wannan a jere, kada ki tsallake.

Kada ki sa filashin tukuna. Ki fara ƙwace aikin daga hannun Shuɗiya. Ki danna dama a kan wancan Zuri'ar da ya lalace, ki zaɓi Koriya kamar jiya, amma wannan karon akwai ɗan akwati a ƙasa da ke nufin kullum a riƙa buɗewa da ita. Ki sa masa alama. Za ta sake ƙin buɗewa, ba komai. Ki duba tambarin da ke jikin fayil ɗin, in ya juye daga shuɗi ya koma kore to aiki ya yi.

Sannan ki sa filashin, ki kwafo abin da ke ciki zuwa kwamfutar, ki zare filashin ki sa shi a aljihu. Wanda kika kwafo za ki buɗe. In wani abu ya yi miki tambaya da Turanci, ko gaisuwa ce, ki ce a'a.

Na ɗan taɓa wa Kaka zancen. Na ce, Kaka, kin tuna wurin da kika ce in bari? Ta dube ni ta ce Nuriyya ta cika gishiri a miya. Ban matsa ba. Likita ya ce a guji abin da zai tayar mata da hankali, kuma in maganar matar nan gaskiya ce, ba ni da bakin da za ni gaya wa tsohuwa ɗanta ya rasu. Ina fatan gurbin kaɗai ya ishi Baffa.

Allah ya kawo Lawwali lafiya. A gaida kowa.

Yayanki,
Dalhatu

Sabon Birni, Litinin

Yaya Dalhatu,

Salamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya.

Lawwali bai iso ba sai jiya da la'asar, an tsare hanya sun kwana a wani ƙauye. Ni kuwa ina tasha kamar mai sayar da gyaɗa. Da ya cire hula ya miƙo min, ledar duk gumi, sai da na yi bisimilla kafin in karɓa.

Na bi takardarka layi layi. Tambarin ya koma kore. Na kwafo, na zare filashin na ɗaure shi a bakin zane. Da na zo buɗewa, Goggo Maryamu ce ta riƙe min kwamfutar. Koriya ta buɗe ba ta tambayi kowa komai ba. Na nemi Kaka, sai ga shi. Akwati huɗu a ƙarƙashinta, na farkon fari fat, a saman Baffa.

Na kira shi. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Ya ɗora yatsa a kan gurbin kamar zai ji wani abu a ciki. Sannan ya ce wataƙila ɓari ne, ko jaririn da bai kai suna ba.

Goggo Maryamu ce ta tanka masa. Ta ce, “Yaya, tsohuwa mi ta ka kiranka?” Ya ce Labbo mana. Ta ce, “To wace uwa ta ka kiran sunan ɗan hwarinta? Tsohuwa da ko sunan Baba ba ta taɓa hwaɗi ba har yar rasu, amma kai tun muna ƙanana daga bakin rijiya ta ka ƙwala maka kira, Labbo, Labbo, duk unguwa na ji.” Yaya, duk mun san Kaka da kunya, duk mun ji tana kiransa, amma ba wanda ya taɓa haɗa biyun. Baffa ya cire tabarau ya zauna a kan turmi. Ban taɓa ganin ya zauna a kan turmi ba. Tausayinsa ya kama ni, mutum da furfurarsa a ce masa yau yana da wa.

Amma bai sauka duka ba. Ya ce ya yarda akwai wani gabansa. Abin da bai sani ba, ko wannan wanin shi ne uban Ikilima, don gurbin bai faɗi suna ba. Ya ce in ya tsaya mata ta zama ba ita ba ce, ba shi kaɗai zai biya ba, duk unguwar ce. Ga sharaɗinsa: a tambayi Kaka sunan. Kai ba ka san shi ba, ita ba ta ji shi daga bakin kowa ba. In wanda ta faɗa ya zo daidai da wanda Ikilima ta faɗa, shi da kansa zai je ya ɗauko kayanta.

Na ce Baffa, ka san ba za ta faɗa ba. Ya ce, “To ni ma ba ni iyawa.”

Na san abin da likita ya ce. Na san abin da nake roƙonka ba ƙarami ba ne. Amma kasuwa ta matso, kuma ɗazu na tarar Ikilima ta wanke kayan yaran ta ɗaure ƙunshinta. Kwamfutarka ta kai iyakarta, saura kai.

Ka gaida Kaka. Ban san ma da wane baki zan ce ka gaishe ta ba.

Ƙanwarka,
Sa'adiya

Isa, Talata

Sa'adiya,

Wa alaikumus salam. Ki kai wa Baffa wannan, ki karanta masa da kanki.

Da hantsi na sami Kaka a tsakar gida, Nuriyya ta shimfiɗa mata tabarma a rana saboda ƙafar. Na zauna na yi ta kewaye-kewaye, ina zancen gero, ina zancen hanya. Ta ce, “Miji, yau ba ka da makaranta? Hwaɗi abin da ka kawo ka.” Sai na faɗa. Na ce wata mata ta zo Sabon Birni da 'ya'ya biyu, daga wajen iyaka, tana neman Kadijatu ta Unguwar Lalle. Na ce in ba a san ko ita wace ce ba za a kore ta, kuma ba ta da inda za ta.

Ba ta ce miya ta yi gishiri ba wannan karon. Ta ce, “Mace ta?” Na ce e. Ta ce, “Shi bai zo ba?” Na ce bai zo ba.

Sannan ta ce, “In ɗiyatai taz zo ita ɗai tana biɗata, to ya riga ni.” Na sunkuyar da kai. Ta ce inna lillahi, a hankali, ta gyara kallabinta.

Daga nan ita ta yi ta magana, ban tambaya ba. Ta ce ubansa ya rasu yana goye, ana yaye shi dangin uban suka karɓe shi, ita kuma aka maido ta gida. Ta ce ya taɓa zuwa Unguwar Lalle sau ɗaya, da gemunsa, ya yi sallama a zaure. Ta leƙa ta asabari ta gane shi da tafiya, tafiyar ubansa. Kunya ta hana ta fita. Ta dama fura a sabuwar ƙwarya ta ba Baffa ya kai masa, ta ce a ce wa baƙo ya sha ya huta. Ya sha, ya jira har la'asar, ya tafi. Ta ce, “Nic ce gobe shi dawo in hito. Bai dawo ba.”

Na ce Kaka, Baffa ya ce sai kin faɗi sunan. Na ce in ya yi miki nauyi ki faɗa wa Nuriyya a kunne, ko ki nuna min wani mai irin sunan a unguwa, ni in gane. Ta girgiza kai. Ta ce, “Kunyatai ni ka ji. Yanzu kunyar wa za ni ji? Ɗauko alƙalami.”

Na ɗauko. Ta kalli ƙofar gida, ba ni ba, ta ce, “Illo.”

Muryar ba ta fita sosai ba, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Na rubuta. Sai ta sake faɗa, da ƙarfi wannan karon, yadda ake kiran yaro ya shigo ya ci tuwo. Nuriyya ta bar wanke-wanke ta shige ɗaki tana kuka. Ni ma ban iya riƙewa ba.

Yanzu tana kwance, ta sha magani, jikin bai tashi ba alhamdu lillahi. Lokaci-lokaci ina jin tana maimaita shi ƙasa-ƙasa. Ta ce a ba matar zanen da ta yi miki alkawari, ke kin ƙi zuwa. Ga shi nan a hannun Lawwali.

Ni ban san ko sunan ya zo daidai ba, ku kuka sani. In bai zo daidai ba, kada ki rubuto min da sauri, ki bar ni in san yadda za ni yi da ita tukuna.

Yayanki,
Dalhatu

Sabon Birni, Laraba

Yaya Dalhatu,

Salamu alaikum. Shi ne.

Ina karanta wa Baffa takardarka, da na kai wurin furar ya ce in tsaya. Ya ce ya tuna ƙwaryar, ya tuna mutumin ya riƙe hannunsa ya tambaye shi sunansa. Da na karanta sunan, ya ɗauki hula ya fita. Da kansa ya ɗauko ƙunshin a ka, daga firamare har gida, ana kallonsa. Ikilima da yaran suna ɗakina. Ta ɗaura zanen.

Na rubuta Illo a gurbin, na sa Ikilima a ƙarƙashinsa. Har na yi niyyar ce maka yanzu sai ka goge tsohuwar manhajar mu huta, tunda kowa ya sami suna. Sai na ce ta faɗa min sunayen yaran. Ta faɗi na ƙaramin. Da na nuna babbar, ta ja mayafi ta rufe baki tana dariya, dariyar Kaka sak, ta ce, “Bar wuri guda nan bisa.”

Na bari. Kada ka taɓa Koriya.

Ka ce wa Kaka in hanya ta yi kyau muna tafe, mu duka.

Ƙanwarka,
Sa'adiya